Akawu, Karen Mai Gyaran Takalma

Shekara talatin da ɗaya tsohon ya yi yana gyaran takalma a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa, kuma a shekaru takwas na ƙarshe bai taɓa ba kowa takardar shaida ba. Sauran masu gyara sukan yanka kwali su rubuta lamba, su maƙala ɗaya a takalmi, su ba mai shi ɗaya. Shi kam ba ruwansa da kwali. Yana da Akawu.

Akawu kare ne, ja, mai kunne ɗaya a tsaye ɗaya a karye. Yana ɗan kwikwiyo tsohon ya tsince shi a bayan rumfa, ya cusa kai cikin wani yasasshen takalmin ruwa yana barci. Aikinsa kuwa ga shi: in mutum ya zo karɓar gyaransa, sai Akawu ya fito daga ƙarƙashin benci, ya shinshina ƙafar mutumin sau ɗaya, ya wuce wajen kanta inda takalma suke jere sun fi ƙafa sittin, ya ɗauko nasa ya ajiye masa. Ɗaya, sannan ɗayan. Ba ya sa haƙori, a hankali yake riƙewa, ko ɗigon yawu da ƙyar ka gani. Wani mai gadi ne ya raɗa masa sunan, ranar da ya yi ta rantsuwa baƙin takalmi ya kawo, kare kuwa ya kafe a kan mai ruwan ƙasa. Da aka gwada, na karen ne ya shiga ƙafarsa.

"To ai wannan ya fi akawun ofishinmu," in ji mai gadin. "Namu sau uku yana ɓatar da takardata, kuma da hancinsa lafiya lau."

Tun daga ranar sunan ya bi shi. Wani ya taɓa zuwa ya nuna wani sau-ciki mai tsada ya ce nasa ne, Akawu ya shinshina shi, ya je ya kwanta a kan takalmin, ya ƙi tashi har mutumin ya ce wai ya tuna ashe a wata rumfar ya kai nasa. Da yamma kuwa, da yake tsohon ba ya aiki da takalmi a ƙafa, in ya rufe gwangwanin gam ya tattara ƙusoshi sai ya ce, "Akawu, a tashi." Karen ya je lungu ya kawo masa nasa, su rufe rumfa su kama hanyar gida, ɗaya gaba ɗaya baya.

Akwai kuma wata dabara da mutum biyu kaɗai suka san sirrinta, tsohon da ɗansa. Ɗan ne ma ya ƙirƙiro ta. A lokacin yana shekarar ƙarshe a jami'a, siriri ne har uban yana kiransa Ƙusa, kuma a bayan rumfar yake zama yana karatun jarrabawa. Matsalarsa masu hira ne. Sukan tuɓe takalma a bakin tabarma su baje tun hantsi, su yi ta zuba har rana ta karkata. Mako biyu Ƙusa ya yi yana koya wa karen da ɓawon burodi. Ƙwanƙwasa biyu a kan katako, sannan a nuna mutum da haɓa. Shi ke nan. Akawu zai tashi ya ɗauko takalman mutumin, ya jera su a gabansa, bakinsu yana kallon titi. Sannan ya koma wajen wanda ya aike shi, ya zauna, ya ɗaga ƙafar dama yana jiran albashinsa.

Wanda aka fara gwadawa a kansa wani mai gyaran agogo ne da ba ya jin kiran gida. Ya dubi takalman, ya dubi karen, ya ce, "Yau ga hannunka mai sanda daga dabba. Ni kuma zaman kare a karofi nake yi ke nan?"

"Kai Akawu, ba ka da ladabi!" in ji tsohon, yana cizon leɓe, ƙusa uku a bakinsa. A bayan rumfa kuwa Ƙusa ya kife fuska cikin littafi, kafaɗunsa suna rawa. Da mutumin ya tafi, uba da ɗa suka yi dariya har tsohon ya kusa haɗiye ƙusa ɗaya. In aka tambaye shi ranar da ya fi jin daɗi a duniya, ba mamaki wannan zai ambata.

Daga baya aka faɗaɗa titi, rumfar ta tafi. Matarsa ta riga ta rasu. 'Yarsa tana aure a wani gari, ɗaki ɗaya gare su, da miji da yara huɗu. Saboda haka ɗan, wanda yanzu ya yi ƙiba ya zama mataimakin manaja a wani kamfani, ya ɗauko shi zuwa gidansa. Aka ba shi ɗakin baya, kusa da ƙofar kicin, mai taga ɗaya da take kallon tankin ruwa. A gindin tankin aka kafa wa Akawu turke.

Ba za a ce surukarsa muguwa ce ba. Tana kai masa shayi a kan lokaci, tana durƙusawa ta gaishe shi. Karen ne dai ba ta so, kuma ba ta ɓoye ba.

"Baba, don Allah kada ya wuce dokin ƙofa. Yara suna rarrafe a nan."

"Ba zai wuce ba, 'yata. Ya fi wasu mutane sanin iyakarsu."

Kuma bai taɓa wucewa ba. Shekara uku, in tsohon ya kwance shi da rana, sai ya je ya kwanta a barandar falo, ya ɗora haɓarsa a kan dokin ƙofa daidai, ba gaba ba baya. Gashin bakinsa ya yi fari, ƙafafun baya sun fara nauyi. Wani lokaci da safe yakan jera takalman gidan gaba ɗaya, na kowa a ƙofar ɗakinsa, don dai kada hanci ya manta aiki. Surukar ta bi su da ruwa da sabulu tana tsaki.

Ranar da abin ya faru, Asabar ce da rana. Daraktan kamfanin ne ya zo cin abinci da matarsa, da wani abokin aikin ɗan, mai ƙaton tumbi da dariya kamar ana tuƙa babur. Tun kwana uku ake share-share, domin ana maganar wa za a ba kujerar manaja. Ɗan ya ce wa uban, cikin ladabi, in baƙi sun zo ya fito su gaisa. Gaisawa ya ce. Tsohon ya sa rigarsa mai kyau, ya goge takalmansa har suna ɗaukar ido, ya tuɓe su a baranda kusa da na baƙi, ya shiga.

Da ya gaisa ya juya, da ba labari. Amma Darakta ya ce, "Zauna mana, Baba. An ce mana fata kake sayarwa a da."

"Fata, ranka ya daɗe? Wa ya faɗa? Ni gyaran takalma nake yi. Wannan da ka tuɓe a waje ma, dunduniyar hagu ta fara ci ta gefe. Kana jan ƙafa in kana tafiya."

Darakta ya tuntsire da dariya, matarsa ta ce ai kullum tana gaya masa. Tsohon ya ji daɗi. Shekara uku ba wanda ya tambaye shi komai sai ko ya ci abinci, ga shi yau manyan mutane sun zuba masa ido. Ya gyara zama. Ya ba su labarin rumfa, da na mai gadi, da yadda Akawu yake gane takalmin kowa, ya nuna musu shi a bakin ƙofa. Daga nan ya gangaro kan ɗansa.

"Wannan da kuke gani, Ƙusa muke ce masa. In ya juya gefe ba ka ganinsa. A kan buhun tsofaffin takalma yake barci, ya tashi da shatin igiya a kumatu. Shi yake goge na mutane kafin ya tafi makaranta, kuma wallahi ya iya. Ranka ya daɗe, ko yau ka ba shi buroshi..."

"Ƙusa!" in ji mai tumbin, yana dukan cinya. "Wallahi ranar Litinin sai kowa ya ji. Ƙusa, in kawo nawa ofis ko in bari a nan?"

Ɗan ya yi murmushi, irin wanda haƙora kaɗai suke yi. Surukar ta leƙo sau biyu ta ce abinci zai huce. Tsohon bai ji ba, ya riga ya shiga labarin ranar da Ƙusa ya zauna a kan gam.

Sai ya ji ƙwas, ƙwas, a kan katakon hannun kujera.

Ya san sautin nan kamar yadda ya san tarin matarsa marigayiya. Shekara da shekaru bai ji shi ba. Zuciyarsa ta yi fari tas. Ashe yaron bai manta ba! Ya saci kallon mai tumbin, domin wa kuma za a kora in ba shi ba, ya danne dariyarsa, har ya shirya cewa "Kai Akawu, ba ka da ladabi." Ya juyo don su haɗa ido da ɗansa kamar da. Ɗan ba ya kallonsa. Haɓarsa ce take kallonsa.

Wataƙila don kunnen uban kaɗai ya yi. Wataƙila ya ɗauka karen barci yake, ko ya tsufa ya manta. Amma kunnen nan ɗaya mai tsayuwa ya motsa. Akawu ya miƙe da ƙyar, ya bi layin takalman baranda yana shinshinawa, ya wuce na Darakta, ya wuce na mai tumbi. A kan na tsohon ya tsaya. Ya ɗan daɗe a tsaye a wurin, ya waiwayo ya dubi ɗan, kamar mai neman a sake faɗa. Sannan ya ɗauka.

Ya tsallake dokin ƙofa, karo na farko a shekara uku. Ya taka kafet ɗin surukar, ya ajiye ɗaya a gaban tsohon, ya koma ya kawo ɗayan, ya daidaita su da hanci, bakinsu yana kallon waje. Daga nan ya je gaban ɗan ya zauna, ya ɗaga ƙafar dama.

Baƙin suka dubi takalman, suka dubi karen.

"Ikon Allah," in ji matar Darakta. "Me yake nufi? Kuma me ya sa ya zo wajenka yana miƙa hannu?"

"Wayyo kafet ɗina!" Surukar ce daga ƙofar kicin. "Baban yara, ka gani ko? Yau falo, gobe kan gadon yara!"

Ɗan ya janye ƙafarsa daga kusa da karen. "Tsufa ne, ranki ya daɗe. Ya ruɗe. Kwanan nan haka yake yi, ya ɗauki wannan ya ajiye can, bai san abin da yake yi ba."

Darakta ya ajiye kofinsa. "In kare ya fara ruɗewa, cizo ne yake biyo baya, ga ku da ƙananan yara. Amma bari mu ji daga mai shi. Baba, kai ka san abinka. Ruɗewa ce, ko akwai abin da yake nufi?"

Duk suka juyo gare shi. Akawu yana nan zaune, ƙafa a sama, ta fara rawa don gajiya, yana jiran ɓawon burodin da ya yi wa aiki.

Tsohon ya san amsar. Ya san karen nan bai taɓa kuskuren takalmi ba, bai kuma taɓa zuwa aiken da ba a aike shi ba. In ya faɗi haka, Darakta zai gane cewa mutumin da yake shirin ba kujera ya sa kare ya kori ubansa daga falo. Bayan nan kuma ba zaman gida ɗaya. Ya tuna ɗakin 'yarsa, da yara huɗu a kan katifa ɗaya, da mijinta da ba ya amsa gaisuwa sosai. Ya tuna ɗakinsa na baya, da tagarsa, da shayin safe. Shekararsa saba'in da biyu, gwiwoyinsa ba sa son matakala.

"Ya tsufa, ranka ya daɗe," ya ce. Muryarsa ta fito siririya. "Ya ruɗe."

"To ka ji," in ji Darakta. "Gobe zan turo direbana da motar kaya. Ya san inda ake kai irinsu."

Tsohon ya sa takalmansa a nan tsakiyar falo, tunda an kawo, ya ce a ci lafiya. Akawu ya sauke ƙafarsa, ya dubi ɗan sau ɗaya, ya bi maigidansa.

Washegari da hantsi ɗan ya zo ƙofar ɗakin baya. Bai shiga ba, ya tsaya yana wasa da makullin mota.

"Baba, an tashi lafiya? Direban ya iso."

"Ƙusa," in ji tsohon, sai ya ga fuskar ɗan, ya gyara. "Ɗana. A bar shi a turke mana. Ba zan ƙara kwance shi ba. Abincinsa ma daga nawa zan riƙa ɗiba."

"Baba, Darakta da kansa ya turo mota. In ce masa me?"

"Ka ce ya warke."

"Ana warkewa daga tsufa ne? Kai da bakinka ka ce ya ruɗe, a gaban mutane, kuma magana zarar bunu ce." Ya dubi uban ido cikin ido. "Ko ba ruɗewa ya yi ba? In ba ita ba ce, faɗa mini abin da ya yi. Ina jin ka."

Tsohon ya buɗe baki. Kalmomin suna nan a kan harshensa, ƙwanƙwasa biyu da haɓa. Ɗan ya jira shi, har da karkata kai.

"Jiya ma na yi waya da Yaya," ya ƙara, a hankali. "Ta ce in zaman nan ya ishe ka, ko kana ganin ba a kyauta maka, ka je ka ɗan huta a wurinsu. Na ce mata a'a, Baba yana jin daɗin nan. Ko ba haka ba?"

"Haka ne," in ji tsohon.

"To fito ka taimaka. Ya ƙi yarda da kowa."

A tsakar gida motar tana tsaye, ƙofar bayanta a buɗe. Direban, wani dogo mai hular sanyi, yana riƙe da igiya, ya yi jifa da ita sau uku bai samu ba. Akawu ya shige bayan tanki, yana gurnani ƙasa-ƙasa, abin da tsohon bai taɓa ji daga gare shi ba.

"Kun ji ko?" in ji surukar daga taga, ta riƙe ƙaramin yaronta. "Dama na faɗa."

"Baba, karen nan naka ya fi ni wayo," in ji direban yana haki. "Na sa masa nama a ciki, ko kallo bai yi ba. In sanda za a sa, a faɗa mini, ina da wani aiken."

"Kada ka sa sanda."

Tsohon ya tsaya yana kallon motar. Sannan ya sunkuya, ya tuɓe takalminsa na dama. Ya jingina da ƙofar, ya tura shi can ciki, har ƙuryar da ke bayan kujerar direba. Ya dawo tsakiyar gida yana ɗingishi, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a kan siminti mai zafi. Ya tafa hannu sau ɗaya, kamar mai kakkaɓe ƙurar aiki.

"Akawu," ya ce. "A tashi."

Gurnanin ya tsaya. Kunnen ya leƙo daga bayan tanki, sannan kan gaba ɗaya. Shekara uku ba a ce masa haka ba. Jelarsa ta fara kaɗawa, har da ƙugu. Ya zo ya shinshina ƙafar da ba takalmi, ya ɗaga hanci sama, ya nufi motar kai tsaye. Ya yi tsalle, ƙafafun gaba suka hau, na baya suka kasa, suna ta karce ƙarfe. Tsohon ne ya sa hannu biyu ya tallafa masa ya shiga.

Direban ya rufe ƙofa, garam.

Ta gilashin baya ana ganinsa. Ya riga ya ɗauko takalmin, yana riƙe da shi a hankali yadda ya saba, yana neman ta inda zai fito ya kai wa mai shi. Ya dubi ƙofa, ya dubi tsohon. Bai yi haushi ba, domin bakinsa da kaya.

"Kai, Baba, ai kai ne gwani," in ji direban. "Da tun farko aka kira ka."

Ɗan ya leƙa ta tagar gaba ya ce, "Kada ka dawo ba takalmin. Fata ce mai kyau."

Motar ta fita, aka rufe get. Surukar ta aiko wa tsohon da silifa, da shayi mai madara da yawa.

Bayan la'asar direban ya dawo, ya same shi zaune a gindin tanki, kusa da turken. Ya miƙa masa takalmin a cikin leda.

"Ga shi, Baba. Amma na sha wuya. Can bayan gari na kai shi, wajen tsohon ramin yashi. Na buɗe ya sauko da shi a baki, ya kama hanyar gida abinsa. Na ce kawo, ya ƙi. Na ja, ya ja. Sai da na samo wani guntun katako na..."

"Ya isa."

"Ai ban yi masa da yawa ba. Da na taho ma ya biyo ni a guje, da ƙafa uku, har wajen gada. Daga nan ban ƙara ganinsa a madubi ba." Ya sosa ƙeya. "Amma fa karen nan bai yi mini kama da ruɗaɗɗe ba."

"Ya ruɗe," in ji tsohon. "Sai ka zauna da shi za ka sani."

Da direban ya tafi tsohon ya fito da takalmin. Huda huɗu ne a fatar, biyu sama biyu ƙasa, sun ratsa har ciki. Shekara goma sha ɗaya karen nan yana ɗaukar takalma, wannan ne na farko da ya sa wa haƙori. Tsohon ya daɗe yana juya shi. Sannan ya jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, domin hannun da ya saba ba ya ganin huda ya ƙyale. Ya cike su da garin fata da gam, ya goge da takarda mai kaushi, ya shafa mai, ya bi da buroshi. Ko mai sana'a ba zai gane an taɓa wurin ba. Ta ciki ne kawai bai iya kaiwa ba. In ya sa ƙafa, babban yatsansa yana jin tudu biyu ƙanana.

Kwana da kwanaki yana barin tagarsa a buɗe. In aka taɓa get sai ya miƙe. Mai kawo ruwa ne, ko mai karanta mita. Bayan wata ɗaya surukar ta sa aka tumɓuke turken, ta ajiye tukunyar fure a wurin.

Ɗan ya samu kujerar manaja. Yanzu baƙi sun fi yawa a gidan, kuma abin mamaki, labarin Akawu ya zama abin da ake nishaɗantar da su da shi. Darakta ne ya baza shi a ofis. Ɗan da kansa yakan aika a kira uban.

"Baba, ba su labarin karenka. Wanda yake gane takalma."

Tsohon yakan zauna a bakin kujera ya bayar, kuma da gaske yake jin daɗin bayarwa, fuskarsa har haske take yi. Ya faɗi yadda aka tsince shi cikin takalmin ruwa. Ya kwaikwayi muryar mai gadi, ya kwaikwayi yadda karen ya kwanta a kan sau-cikin da ɓarawo ya zo ɗauka, ya karya kunnensa ɗaya da yatsa don su ga yadda yake. Baƙi su yi ta dariya. Labarin ƙwanƙwasa biyu ne kaɗai ba ya bayarwa, ba ya kuma cewa Ƙusa.

Wata Asabar, wata baƙuwa mai tabarau ta share hawayen dariya ta ce, "Allah sarki! Yanzu ina yake?"

"Tsufa," in ji ɗan. "Kin san dabba."

"Tsufa," in ji tsohon. "Amma kafin nan, 'yata, ba a yi kare kamarsa ba. Akwai ranar da aka yi ruwan sama, rumfa ta cika, takalma suna yawo a kan ruwa kamar agwagi. Ni ina ta kama wannan ina sakin wancan, shi kuwa sai ya..."

Yana magana, amma idonsa ba ya kan baƙuwar. Tun da ya zauna yana kan hannun ɗansa, wanda yake kwance a kan katakon kujera. Ya ga yatsan ya ɗaga. Ya sauka, ƙwas.

Kafin na biyun tsohon ya riga ya miƙe.

"Af, na manta ban sha maganina ba. Ku yi haƙuri, sai wani jiƙon."

"Haba Baba, ba ka ƙarasa ba! Me ya yi da takalman?"

"Ya kwashe su," in ji shi. "Duka. Bai bar ko ɗaya ba."

Ya fita baranda, ya dafa bango, ya sunkuya da ƙyar ya lalubo nasa a cikin na baƙi. Ya juya bakinsu waje da kansa, ya zura ƙafa, yatsansa ya sami tudun nan biyu. Ya kamata ya wuce. Amma sai ya ga ya tsaya a bakin ƙofa, daidai kan dokin, ya waiwaya yana kallon ɗansa, yana jira.

Ɗan ya ɗan gyaɗa masa kai.

Daɗi ya ratsa tsohon har cikin ƙirji, kafin ya gane daɗin mene ne. Ya bi ta gefen gida zuwa ɗakin baya, ya wuce tukunyar fure, ya shiga ya rufe taga.